Haushin Munyal

Zangon bayan gari, hanyar Bukkuyum,
Alhamis, bayan azahar.

Zuwa ga Yayana Mahmuda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rukayya da yara. Allah Ya raba ku da zazzaɓin Fatakwal, Ya sa albarka a rumfarka, Ya jiƙan Inna da Baba da Baffa Tasi'u, Ya haskaka makwancinsu. Labarin gida kuwa, Munira ɗiyar Kawu ta sauka a Anka, namiji, an yi suna ban samu zuwa ba, kuma mijinta ya yi mana kara an sa wa yaron sunan Baffa. Kumburin ƙafar Goggo ya sace, tana takawa ba sanda. Gero ya yi kyau bana fiye da yadda na taɓa gani. Daga inda nake zaune ina hango zangarniya ta sunkuya don nauyi, kuma haka za ta yi ta sunkuyo har tsuntsaye su gama da ita, don babu mai ƙarfin halin shiga gona. A daidai nan ne malaminmu na aji huɗu ya koya mana a rubuta "mu ma muna nan lafiya lau". Na bar maka gurbin. In ka kai ƙarshen takarda sai ka cike shi da abin da ka ga ya dace.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Dalili shi ne a nan ba a samun sabis sai an hau tudun da ke bayan maƙabarta, kuma duk sanda na hau akwai mutum goma a bayana suna jiran in sauka, kowa ya kasa kunne. A irin wannan wuri mutum ba ya faɗin komai sai gaisuwa. Shi ya sa duk maganar da muka yi ka ji ina cewa ba komai. Haris direban motar albasa ya ce zai miƙa maka ita hannu da hannu, ranar Asabar in hanya ta yi kyau, kuma na amince masa ne saboda bai yi boko ba.

Maganar a kan kare ce, Yaya. Kada ka yi dariya, ko kuma ka yi, ni ma na yi a kwanakin farko. Ka san tun da aka kashe mijinta Baffa Tasi'u a farkon damina aka kore shanu, Goggo ta biyo mutanen ƙauyen da ke kusa da rugarmu zuwa wannan zango. Abin da ta fito da shi ƙwarya biyu ne, da tabarma, da malafar Baffa, da karensa. Na taso daga Anka da niyyar in kwana biyu in ɗauke ta zuwa ɗakina. Yau kwanana ashirin da ɗaya. Mai gidan da nake haya ya ce tsohuwa ta zo ko shekara goma za ta yi, amma kare ba zai taka masa zaure ba, don mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare. Ban tambaye shi yadda mala'ikun suke yi da kwatar da ta shekara uku a toshe a tsakar gidan ba, saboda ina son ɗakina. Goggo kuma ta ce inda karen bai shiga ba ita ma ba ta shiga. Ba ta ɗaga murya ba. Ka san ta, matar da ta goye mu bayan rasuwar Inna ba ta taɓa buƙatar ɗaga murya ba. Ta dai ce daga cikin duk mai numfashin da ke kwana a rugar nan, su biyu suka rage. Ni da kai ba ta sa mu a ciki ba, kuma ban ga laifinta ba.

Bari in kwatanta maka zangon. Fili ne a bayan wani tsohon sito, bukkokin kara da tamfol sun kai tamanin, mutane sun haura ɗari huɗu, rijiya ɗaya. Mafi yawansu manoma ne da suka sha nonon Goggo shekara da shekaru. Akwai matan da har yanzu suke tuna mata man shanun da ta kai musu ranar suna. Sun karɓe ta, ba zan ci amanarsu ba, su suka tara kara aka kafa mata bukka. Sai dai akwai doka ɗaya da ba wanda ya rubuta, ba kuma wanda bai sani ba: ba a Fillanci a zango. Kafin zuwana an ji wani mutum a kan tudun nan yana waya da Fillanci, bayan kwana uku aka tare masu zuwa itace aka tafi da mutum bakwai. Ko akwai haɗi tsakanin abu biyun, Allah masani. Mutumin dai ba a sake ganinsa ba, kuma ba a tambaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Ban ce sun yi daidai ba, amma na ga tabon a jikinsu. Mu kuwa gaba kura ce baya siyaki: na daji sun kashe mana Baffa, na gari suna kallon hancinmu.

Matsala ta farko sunan karen. Baffa ya raɗa masa Munyal. Tun da ba a iya kiran wannan suna a nan, ni mai ilimi na kawo shawara a mayar da shi Hausa, aka koma ce masa Haƙuri. Sai ka gan ni tsakar rana ina bin kare ina cewa Haƙuri, Haƙuri, mata suna amsa mini daga cikin bukkoki cewa ai shi ake ta yi. Shi kuwa ko kunne ba ya kaɗawa. Shekara shida yana da sunansa, rana ɗaya aka ce ya zama wani. Na fahimce shi fiye da yadda nake so.

Matsala ta biyu ita ce babba. A ruga baƙo uku ne a mako, in an yi yawa. Aikin Munyal shi ne ya sanar da duk wanda ya doso, kuma ba wanda ya gaya masa an sallame shi daga aiki. A nan mutum ɗari huɗu ne ke bi ta ƙofar bukkarmu zuwa rijiya, shi kuma kowane ɗaya sai ya sanar da shi, tun daga asuba har masu ɗiban ruwa su ƙare, har muryarsa ta dushe ta koma kamar ana yanka busasshen itace da zarto. Shi yana haushi, mutane suna jin haushi, ni ina tsakiya da digiri. Masu cewa haushinsa zai nuna wa 'yan bindiga inda muke ban ɗauki maganarsu da nauyi ba. Zangon da ake hango hayaƙinsa daga gulbi ba ya buƙatar kare ya yi masa shela. Gaskiyar ita ce mutanen nan kowannensu haushin kare ne abu na ƙarshe da ya ji kafin ya bar gidansa da gudu. Ranar Laraba ta makon jiya wani mai jaki ya ɓullo ta bayan sito da hantsi, Munyal ya buɗe murya, wata mata ta yi kururuwa wai ga su nan, zango ya watse. A cikin gudun aka tattake Amariya, ɗiyar maƙwabciyarmu Ladi, yarinya 'yar shekara biyar. Hannunta ya karye wuri biyu. Ni na riƙe ta mai ɗori yana ja. Daga ranar na daina ganin abin dariya a maganar.

Ladi ba ta zage mu ba, da ma ta zaga. Ta zo ta tsaya a ƙofar bukka da yamma ta ce ita ba ta da magana da tsohuwa, amma tana so a tambayar mata malama mai karatun dabbobi: shekara biyar a jami'a a Sakkwato, ba a kai ga babin kare ba ne aka tashi? Na ce mata an kai, sai dai karnukan littafi ba a kashe musu iyayengiji. Ta ce 'ya'yan littafi ma ba sa karyewa.

Duk abin da na sani na gwada, Allah shaida. Na ce gajiya ce maganinsa, na riƙa jan sa da igiya zuwa gulbi mu dawo sau biyu a rana. Ni na rame, shi ya ƙara lafiya. Na mayar da abincinsa yamma don ya kwanta da nauyin ciki, alhali abincin ma ɗan tuwon da muke ragewa ne daga bakinmu. Na kewaye makwancinsa da zana don kada ya ga masu wucewa, na manta kare da hanci yake gani. Na shimfiɗa masa malafar Baffa. Wannan ta yi aiki rabin yini, ya cusa kai a ciki yana wani siririn kuka da ya sa Goggo ta tashi ta bar bukkar, har na gwammace haushin. Na ɗinka masa takunkumi da tsohon ɗankwalina, ya cinye ɗankwalin. Wani mai kemis ya ba ni ƙwayar mura ya ce in tura a cikin ƙosai. Munyal ya cinye ƙosan ya tofo ƙwayar a gabana, tsaf, kamar mai mayar da canji. Washegarin karayar Amariya, Allah Ya yafe mini, na ba wani mai babur shi a cikin buhu ba da sanin Goggo ba, ya kai shi hayin gulbi ya sake. Da gari ya waye yana kwance a ƙofa, ƙafafunsa duk laka. Tsakanin tafiyarsa da dawowarsa Goggo ba ta sa komai a baki ba, ba ta kuma tambaye ni ina yake ba. Duk wahalar nan da nake yi tana zaune tana jan carbi, ba ta ce mini ci kanki ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Surajo ya zo. Shi ne shugaban masu gadin zango, da can tela ne, mutum mai kunya, 'ya'yansa biyu maza aka kashe a gona rana ɗaya. Ya durƙusa ya gaida Goggo kamar uwarsa, karen yana ta haushi a kansa, sannan ya ce an zauna an yanke: kwana uku, ko ya yi shiru, ko su yi abin da ya kamata. Liman ya so ya taimaka mana, ya ce shari'a ta yarda da karen kiwo. Wani daga baya ya tambaya ina garken da yake kiwo. Liman ya dubi ƙasa, mu ma muka taya shi.

Ranar Asabar na tuna. Ina bakin gulbi ina wankin kayan Goggo, sai wani abu ya dawo mini daga lokacin da ban kai shekara tara ba, kafin a kai ni makaranta Anka Fillancin ya zube mini a hanya. Na ga Baffa tsaye a bakin ruga, tsohon karen nan mai yagaggen kunne yana haushi, baƙo ya tsaya daga nesa ya yi gaisuwa, Baffa ya amsa da ƙarfi, jam tan, kare ya juya ya kwanta kamar an hure fitila. Haka yake horar da karnukansa duka. Ba ya musu tsawa, ba ya ma kallonsu. Kare zai yi ta haushi har sai ya ji mai gida ya gaya wa baƙo cewa lafiya ce kawai; daga nan ya san magana ta fita hannunsa. Kai da ka fi ni daɗewa a ruga, da na tambaye ka da ka gaya mini a numfashi ɗaya. Ban tambaya ba, saboda ina da takardar shaida.

Na dawo da sauri kamar wadda ta haƙo zinariya, na manta yadda gubar haƙar zinariya ta kashe yaran ƙauyen Dareta. Na durƙusa na raɗa masa kalmar a kunne. Ya dube ni irin kallon da malami ke yi wa ɗalibin da ya kwafi amsa har da sunan mai ita, ya ci gaba da aikinsa. Na sake, na kuma sakewa. Sai Goggo ta yi magana daga bayana, karo na farko tun da aka fara, ta ce in daina wahalar da kaina. Ba kare ake faɗa wa ba, baƙo ake faɗa wa, da murya a sarari, kuma daga bakin wanda ya sani na gida ne. Ta ce ni baƙuwa ce da ya daina yi wa haushi don ladabi.

Raina ya ɓaci, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Na ce ashe ta sani tun farko, tana kallona ina ɗinka wa kare ɗankwali, tana kallon hannun Amariya. Na ce in dokar zango take tsoro, mu je mu yi wa Surajo bayani, kalma biyu ce, gaisuwa ce, ko Bahaushen da ke sayen nono a kasuwa ya san ta. Ta bar ni na gama. Sannan ta gaya mini abin da ba ta gaya wa kowa ba, har kai ranar da ka kira ta ta'aziyya. Ranar da abin ya faru da safe ne, tana tatsa. Munyal ya fara haushi tun kafin a ji ƙarar babura, irin haushin da ba ta taɓa ji ba, ya tare hanya gashin bayansa a tsaye. Mutum shida suka sauka suka tsaya daga nesa, yadda baƙon kirki ke yi, suka yi gaisuwa da harshenmu, cikin ladabi. Baffa ya ga bindigogin. Ta ce ya gani, ta kuma ga ya gani. Amma an gaishe shi, kuma bai taɓa barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba. Wataƙila ya yi zaton in ya amsa za su ji kunyarsa. Ya amsa. Munyal ya kwanta. Yana kwance aka yi komai, yana kallon Baffa yana jiran wata kalma.

"Kare ya faɗi gaskiya, mai gida ya ƙaryata shi," in ji ta. "Ni ba zan sake ƙaryata shi ba."

Sai a lokacin na lura da abin da ya kamata mai ido irina ta gani tun ranar farko. Kwana goma sha shida ina tare da ita, duk wanda ya gaishe ta sai ta ce da godiya. Ban taɓa jin ta ce lafiya ba, ko da Hausa. Ranar Lahadi na kama hanyar bukkar Surajo sau biyu, ina kaiwa rabi in juyo. Me zan ce masa? Cewa karenmu yana da kalmar da ke kwantar da shi a gaban masu bindiga?

Litinin bayan la'asar suka zo, Surajo da samari huɗu, da igiya da bindiga ɗaya, rabin zango a bayansu. Na shirya jawabi da Hausa mai kyau, har da misalai. Munyal yana ɗaure a turke yana neman tsinka igiya. Goggo ta fito ta tsaya kusa da shi. Da Surajo mutumin banza ne, da ya wuce kai tsaye ya yi abin da ya kawo shi, da yanzu labarin mutuwar kare kawai nake rubuto maka. Amma tarbiyya ta hana shi. Ya tsaya daga nesa, bindiga a hannu, ya yi sallama, ya ce Goggo ina wuni, an wuni lafiya? Na ga ta dubi bindigar, ta dubi karen. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ɗaga kai ta amsa da muryar da take kiran shanu da ita.

"Jam tan."

Munyal ya rufe baki kamar an yanke, ya zagaya sau ɗaya, ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa yana kallon mai bindiga. Ban taɓa jin shiru irin wannan a zangon ba. Har ƙarar guga a rijiya aka ji. Wani saurayi ya ce a hankali, to kun ji, har karen ma da yaren yake aiki. Surajo ya dubi karen. Sannan ya saɓa bindigarsa, ya ce tun da ya yi shiru magana ta ƙare, ya juya. Jawabina yana nan ban taɓa shi ba. Goggo ta koma ciki, da na bi ta na iske ta da buta tana kurkure baki, sau uku, kamar mai alwala.

To ka ji yadda aka shawo kan kare. Tun ranar zango ya samu shirun da yake nema, kuma Goggo ba ta sake buƙatar faɗin kalmar ba, don babu mai bi ta ƙofarmu. Masu zuwa rijiya sun koma zagayawa ta bayan sito. Ta fi nisa, amma cikin kwana uku ƙafa ta riga ta fitar da hanya. Ba mai zuwa ɗibar wuta, ba mai aron ƙwarya. Labarin kuma ya yi 'ya'ya: wai karen horarre ne na mutanen daji, in aka ba shi kalma sai ya yi shiru su shigo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in ka cire ƙetar, kusan haka aka yi wa Baffa. Ladi ce kaɗai ta zo, shekaranjiya, ta ajiye kwanon dambu a bakin zana ba ta shigo ba. Ta ce ita ta san Goggo ba ta da kowa a daji sai kabari, amma tana da 'ya'ya, in mun ga ba ta gaishe mu a rijiya ba kada mu riƙe ta. Munyal ya raka ta da haushi har ta ɓace, Goggo ba ta hana shi ba.

Jiya da safe Surajo ya same ni a hanyar tudu. Ya ce shi bai zargi Goggo da komai ba, ya sha furarta tun yana yaro, amma samarin da ke ƙarƙashinsa ba duka yake iya riƙewa ba, kuma in wani abu ya sake faruwa a hanyar itace, ko bayan wata ne, ya san bukkar da za a fara nufa. Ya ce ba kora ba ce, shawara ce, amma hankalinsa zai fi kwanciya in mun tashi kafin Lahadi. Na yi masa godiya, kuma abin mamaki, da gaske na yi ta. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai har yau ban gano wane ne tsuntsun a cikinmu ba.

Ga abin da nake roƙo. Na tuna surukinka, mahaifin Rukayya, yana da garka a bakin gulbi a Gummi, da 'yar bukkar mai gadi da ka taɓa ce mini ba kowa a ciki. Ka yi masa magana, kai ko Rukayya, ko zai bar tsohuwa da kare su zauna. Ka gaya masa gaskiya duka, har da abin da ake faɗa a kanmu, don labari ya fi mota sauri, gara ya ji daga bakinka. In ya ƙi kada ka ga laifinsa. In ni ce shi ban san abin da zan ce ba. In ya yarda ma ban san me na samo mata ba: bukka a bayan gari, ita kaɗai, da karen da zai yi haushi in an zo, da kalmar da za ta kwantar da shi. Daga wurin aikina an aiko sau biyu, ba zan iya zama da ita har abada ba. Na yi tunanin in roƙe ka ka kira ta ka ce ta haƙura da karen, tun da maganarka ta namiji ce, ta fi digirina nauyi. Na fasa. Tun Litinin ba ta ci abin kirki ba, kuma abin da ta rage shi take ba. Ina jin ranar da aka raba su ba kare kaɗai za mu rasa ba.

Ka gaishe mini da Rukayya da kyau, ka ce atamfar ta iso, ita nake shimfiɗa wa Goggo. Ka shafa mini kan Zulaihat. Salim ya dage da karatu, kai kuma ka riƙa yi masa Fillanci ko da a ɗaki ne. Ko kuma kada ka yi, ni yanzu ban san wanne ne gatan ba. Munira da mai sunan Baffa suna gaisuwa. Goggo ta ce in gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci.

Ranar Asabar bayan azahar, in Allah Ya kai mu, zan hau tudu in kira ka. Za a sami mutane a bayana. Za ka tambaye ni yaya muke, ni kuma zan ce maka lafiya lau, da murya a sarari, yadda ake faɗa wa baƙo. Don Allah, Yaya, kai kada ka kwanta.

Wassalam.
Ƙanwarka,
Hindu